Takardar Koken da Ta Fito Fara

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina da shekara shida da makancewa, kuma ban yarda da kowa ba. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗauka ina neman wanke kaina ne. Kafin idona ya tafi, ni mai buga tafireta ne a wani kamfanin dakon kaya kusa da tashar jirgin ƙasa. Da za su sallame ni, sai suka haɗa ni da tsohuwar tafiretar da na yi shekaru ina duka, wai kyautar ban kwana. Na ɗauka zagi ne. Daga baya na gane yatsuna ba su makance ba, suna nan da haddarsu, kuma saboda wannan ne makafin Fagge suka naɗa ni sakatarensu.

Ran Alhamis bayan la'asar muke taruwa, a wata rumfa bayan masallacin unguwa. Shugabanmu wani dattijo ne da muke kira Alhaji kawai, asalin iyayensa daga Borno, sana'arsa tufkar igiya. In za a yanke magana ba ma ɗaga hannu, don wa zai gani? Sanda muke bugawa a ƙasa, Alhaji ya kasa kunne ya faɗi ɓangaren da ya fi ƙara. Sannan duk takardar da za ta fita da sunanmu sai ta bi ta hannun kowa, ya shafa ta, ya yi bisimilla, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba a taɓa tsallake wannan ba, ko da ana sauri.

Da farar hula suka hau, aka farfaɗo da wani ɗan alawus na wata-wata ga naƙasassu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma mai iyali ya san amfaninsa. Matsalar tana wajen shiga rajista. Sai ka bi ta gaban wani akawu a ofishin rabon, mutumin da ba likita ba, ban ma jin ya taɓa wucewa ta ƙofar asibitin ido. Zai zaunar da kai ya yi ta janka da hira, ina iyali, yaya zafi, sai kwatsam ya kawo maka rula kamar zai tsokane maka ido. In ka ƙifta ko ka kauce, ya ce kana gani, tashi ka ba wani wuri. Ni iskar rular kawai na ji a hancina, na ci jarrabawa. Wata tsohuwa da aka haifa ba ido ta zabura don ta ji motsin hannun rigarsa, aka kore ta tana rantsuwa. Kuma ko bayan ka shiga, ranar da akawun ya kama ka da alamar gani, ranar zai soke sunanka.

A kan wannan rular muka tashi. Muka yanke za mu rubuta koke zuwa ga shugaban ofishin: a ajiye rula a karɓi takardar likita, a kuma riƙa kawo rabon cikin unguwanni maimakon a sa mu tsallaka tituna duk wata.

A lokacin ne Baba Tela ya fara damuna. Shi Bayarabe ne ta asali, haifaffen Fagge, ya yi shekaru da kekensa na ɗinki a Kasuwar Sabon Gari kafin ciwon ido ya tashe shi daga rumfa. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ina kiransa baƙo a raina, alhali kakansa ya riga kakana zuwa unguwar. Mutum ne mai fara'a da tsokana, irin wanda zai shafa wuyan rigarka ya gaya maka telanka bai ji tsoron Allah ba. Kowa yana sonsa, ni kuma wannan kaɗai ya ishe ni dalilin sa masa kunne.

Na kuwa ji abubuwa. Ranar karɓar alawus a jere muke tafiya, kowa hannunsa a kafaɗar na gabansa, kuma kullum Baba Tela ne a gaba. Tun da ya karɓi gaba ba wanda ya ƙara faɗawa kwata. Wata rana a bakin kasuwa ya ce, "A dakata, ga amalanke," ni kuwa da nake taƙama da kunne ban ji ƙarar tayar ba sai bayan ya rufe baki. Sandarsa ma na karance ta. Da rana tsaka ba ta cika magana ba, nan da can take taɓa ƙasa, amma da magariba ta kawo kai sai ta hau surutu kamar tawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, duk ranar da aka biya mu, sai ya tsayar da layin a wani kantin magani a Titin Ibrahim Taiwo ya sayi maganin ɗigawa a ido. Kusan duk alawus ɗinsa a nan yake ƙarewa. Na ce a raina, me makaho zai yi da maganin ido?

Amsar a fili take ga duk mai zuciya mai kyau. Mutumin yana da ɗan sauran gani, maganin ne yake riƙe masa shi, alawus ɗin kuma shi ke sayen maganin. Ni ban karanta ta haka ba. Na ce mai ido ne ya shigo cikinmu yana cin rabon makafi. Na ƙara da cewa tun da ya taɓa ɗinka wa 'yan siyasa kaya, ba mamaki shi ne ke kai musu duk abin da muka tattauna.

Ranar da za a kammala maganar koken, ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ina da ƙari. Akwai 'yan uwanmu da ke gani dishi-dishi. Ba sa iya sa zare a allura, ba sa iya gane fuskar 'ya'yansu, amma rula tana sa su ƙifta. Ba su ga aiki ba, ba su ga alawus ba. A sa su cikin takardar nan."

Ban bari Alhaji ya amsa ba. Na ce, "Su wa ke nan, Baba? Kawo mana ɗaya mu ji muryarsa."

"Ba za su zo ba, Malam Sakatare. Tsoro suke ji."

"Tsoron me?"

"Tsoron irin wannan tambayar taka."

Rumfa ta ɗauki dariya. Na ce in aka buɗe wannan ƙofa, duk mai tabarau a Kano zai shigo, mu da ba ma ganin ko hasken rana a bar mu a baya. Alhaji ya ce a buga sanda. Masu goyon bayan Baba Tela suka buga har ƙasa ta amsa. Da aka zo kaina, sanduna uku na ji, ɗaya tawa ce. Alhaji ya ce, "Malam Sakatare, ka ji da kunnenka. Buƙata uku ke nan, ka rubuta." Na ce to.

Ba na ba mai ido takardarmu ya karanta, kuma ina da hujjata. A zamanin soja mun taɓa biyan wani mai rubuta wasiƙa ya rubuta mana koke, ashe godiya da jinjina ya zuba, muka dangwala yatsu muka kai. Sai da aka karanta a gabanmu muka ji muna yabon wanda muka zo ƙara. Tun daga ranar na rantse takardar makafi makaho ne zai buga ta, daga tafireta sai ambulan. 'Yan ƙungiya sun yaba mini a kan wannan tsari. Ba wanda ya lura cewa tsarin ya bar ni ni kaɗai da sanin abin da ke cikin kowace takarda.

Kwana biyu kafin in zauna buga koken, na buga sanarwar taro a kan sitansil, irin takardar nan mai kaki da ake juyawa a inji a fitar da kwafi da yawa, don a raba a masallatai. Na gama na rufe tafireta. Ranar Litinin da hantsi na sake buɗe ta, na tura ƙofa, na sa sabuwar takarda mai kauri da na saya musamman. Na buga gaisuwa, na buga buƙata ta ɗaya, na buga ta biyu. Da na zo ta uku na ɗage yatsuna na ɗan zauna. Daga nan na sauka ƙasa na buga "Mu ne naku masu biyayya". Ban sa masu gani dishi-dishi ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Na ce in an tambaya daga baya, sai in ce ofis ne suka yi watsi da ita.

Na zare takardar na shafa bayanta. Haruffan sun fito ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin yatsana, har na yaba wa kaina da ƙarfin hannu. Matata ta turo ƙofa ta ce, "Malam, kawo in duba maka ko layin ya miƙe." Na kife takardar a cinyata. Ƙanenta yana bin 'yan jam'iyya a lokacin, don haka ita ma tana cikin waɗanda nake zargi. Na ce mata ta je ta duba tukunyarta. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta fita. Na ninke takardar na sa a ambulan tare da takardun da muka dangwala yatsu, na kwana biyu da ita a aljihun 'yar cikina.

Ranar Laraba muka tafi a jere, mu wajen ashirin, Baba Tela a gaba. Aka zaunar da mu a dogon benci a barandar ofishin, rana tana dukan gwiwoyinmu. Teburin akawun nan mai rula yana ƙarshen barandar, ina jin yana buga hatimi yana tsotsar haƙori. Na zaɓi bakin benci na wannan gefe, na bar Baba Tela can kusa da Alhaji a ɗaya gefen, don ban so ya matso kusa da aljihuna. Muka yi ta jira har aka yi azahar aka dawo. Can masinja ya fito ya ce mutum biyu su shirya, shugaba zai gan mu yanzu.

Alhaji ya ce, "Malam Sakatare, fito da ita ta zaga."

Na so in ce ba lokaci, amma na san ba zai yarda ba. Na zare ta daga ambulan na miƙa wa na kusa da ni. Ina bin ta da kunne, bisimilla bayan bisimilla, tana tafiya tana ƙara nisa. Da ta kai wajen Baba Tela sai bisimillar ta tsaya. Na ji an buɗe ninkin. Na ji takardar tana motsi a hankali, sama da inda hannu yake riƙe abu in shafawa kawai zai yi. Sai raɗa ta taso daga can, baki zuwa kunne, har ta iso ga na kusa da ni. Ya matso ya ce, "Wai in ji Baba Tela, a mayar da ita aljihu. Wai ba rubutu a jiki."

Da ina da hankali, da na karɓe ta shiru mun nemi wata ranar. Amma abin da ya faɗo mini shi ne, ga shi nan, ɗan leƙen asirin ya fito, yana so ya hana takardar shiga. Wani tsoron kuma yana ƙarƙashin wannan: ko ya karanta ne ya ga ban sa mutanensa ba? Na miƙe tsaye na ɗaga murya, duk barandar tana ji.

"Ƙarya ne! Ni na buga ta da hannuna. Kai Baba, ta yaya ka san ba rubutu in ba gani kake yi ba? Faɗa mana! Yau dai ka faɗa mana!"

Hatimin akawu ya daina bugawa. Alhaji ya ce, "Malam, zauna," amma magana ta riga ta fita. Masinja ya sake cewa ana jiranmu. Baba Tela yana da hanya a lokacin. Da ya ce wasa yake yi, ko ya ce tsammani ne, da an wuce wurin, mu shiga da takardar mu kunyata a gaban shugaba, shi kuma ya tsira da sunansa. Na ji ya ja numfashi.

"Ina gani kaɗan, Malam Sakatare. Ta gefen idon hagu, in rana ta yi ƙarfi. Ba na iya karatu, amma ina bambance fari da baƙi. Wannan takarda fara ce tas. Kada ku shiga da ita a yi mana dariya."

Takalmin akawu ya taho. Ya karɓi takardar, na ji ya juya ta gaba da baya, sai ya fashe da dariya har yana buga ƙafa. Ya kira masinja ya zo ya ga koken makafi. A nan ne abin ya faɗo mini. A gefen tafireta akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa in za a buga sitansil, shi yake janye ribon mai tawada don ƙarfen harafi ya daki takarda tsirara. Na tura shi ranar sanarwa, ban mayar ba. Mai ido da ya buga harafi ɗaya zai gani. Ni na buga shafi guda ina jin daɗin ƙarar, har ina shafa bayan takarda ina yabon hannuna.

Akawu ya cusa mini takardar a hannu, sannan ya juya. "Baba, kai kuma kawo katinka na alawus." "Ai na ji da kunnena, kana gani. Yaya aka yi ka wuce rulata?"

Baba Tela ya ce, "Sati biyu matata tana kawo mini ludayi a fuska, har na koyi tsayar da ido."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Alhaji ya roƙa, ya ce mutumin nan ba ya iya sana'a, ya haɗa shi da Allah da Annabi. Akawu ya ce shi doka yake bi, rajistar makafi ce ba ta masu gani ba. Na ji an buɗe babban littafi, na ji biro ya ja layi ɗaya mai tsawo. Ba mu ga shugaba ba a ranar.

Da za mu koma, Baba Tela ya shiga gaba kamar kullum. Ba wanda ya yi mini magana tun daga ofishin har Fagge, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina ta jiran wani ya tambayi me na buga a takardar, ba wanda ya tambaya. A wurinsu kuskuren maɓalli ne da ɗanyen baki, ba su san akwai na uku ba.

Washegari na mayar da maɓallin na sake bugawa, buƙata uku cif, ta ukun ma na fi tsawaita ta. Na kira matata na ce ta karanta da ƙarfi. Ta karanta, ta gyara mini harafi biyu, ba ta ce komai a kan ranar Litinin ba. Muka kai, muka koma, muka sake komawa. Mun gaji da jin "ku dawo sati mai zuwa" kafin a ajiye rular a fara karɓar takardar likita. Maganar masu gani dishi-dishi kuwa aka ce ana dubawa. Sunan Baba Tela bai dawo ba, don likita ya rubuta gaskiya, ya ce akwai sauran gani.

Mun yi ƙoƙarin haɗa masa kuɗin magani. Wata biyu, wata uku, abin ya fara gagara, don kowa nasa bai ishe shi ba. Shi ma ya hana, ya ce ba zai ci hatsin 'ya'yan wani ba. Ya koma ɗigawa sau ɗaya maimakon sau biyu, daga baya sai ranar da ya ji idon yana masa nauyi. Bai daina zuwa taro ba, bai daina ja mana gaba ba duk da ba shi da abin karɓa. Ni kuwa kunnen nan nawa da na horar a kansa bai bar ni na huta ba. Ni na fara jin sandarsa ta soma surutu da rana tsaka. Wata rana a bakin kasuwa ya kai mu cikin kwata, mu huɗu, ya tsaya yana ta ba mu haƙuri. Na yi kuka a ranar, na bayana ya ji ina jan hanci, na ce masa ruwan kwata ne ya fantsar mini.

Bayan damina biyu ya koma wurin likita, aka rubuta masa cewa babu sauran komai. Da wannan takardar aka mayar da sunansa rajista, ba musu, ba rula. Ranar da zai fara karɓa, Alhaji ya ce in shiga gaba tun da na fi kowa haddace hanya. Baba Tela ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Hannun tela ne, mara nauyi, yatsunsa suna ta laluben ɗinkin wuyan rigata. Muka wuce kantin maganin nan ba mu tsaya ba.

Mun ɗan yi nisa ya matso kusa da kunnena. "Malam Sakatare, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka. Waccan ta farko, farar nan. Ka sa mu a ciki, ko?"

Takardar tana nan har yau a cikin akwatin tafireta. Haruffan sun huda ta sosai, duk mai ido da ya karkata ta ga haske zai karanta, zai kuma ƙirga buƙata biyu. Ban taɓa ba kowa ita ba, ban kuma iya yaga ta ba.

Na ce, "Na sa, Baba."

Ya matsa kafaɗata. "Na sani. Bakinka ne kawai da zafi." Sannan ya ce in yi a hankali, akwai rami nan gaba kaɗan, in ba a cike shi ba tun ganinsa na ƙarshe.